Wa Ya Ba Da Auta

Shekarun nan mun sha wuya, ba abin da zan ƙawata a ciki. An ce an ba mu jiha, an yi kiɗa a Birnin Kebbi, mu dai abin da muka gani shi ne taki ya yi wuyar samu, gulbi kuma bai fasa cin shinkafarmu ba. Ni manomi ne. Karatuna na allo ne, sai ɗan na yaƙi da jahilci, wanda da shi nake wannan rubutu. Ƙauyenmu yana bakin gulbin Rima, ƙasa da Argungu kaɗan in ka nufi Zauro.

Mu biyu ne mazan da suka rayu a ɗakin Inna, ni da ƙanena. Ni ne na fari, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai "kai wanga". Shi kuwa Auta take ce masa har ya yi gemu. Auta ba ya son laka. Tun yana ƙarami, in an shiga fadama sai ya tsaya a kan tudu yana kallon motocin da ke bin titi. Bayan Baba ya rasu ya shiga soja. Ban hana shi ba, gonar ba ta isar mu biyu.

Akwai wata al'ada tamu da sai na faɗe ta, in ba haka ba ba za a gane wautar da na yi ba. In ruwa ya zo da ƙarfi ya ci wani gari a ƙetare, sukan aiko mana neman hannu: a fid da tsofaffi, a kwashe hatsi kafin rumbuna su jiƙe su zube, a tsallakar da awaki. Aiki ne mai cin rai, don gulbi a irin wannan lokaci ba gulbin da ka sani ba ne. To, mai gari ba ya cewa wane da wane ku tashi. Sai ya tara masu gida a gindin tsamiyar masallaci bayan la'asar, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi mutum ya ce, "Ka bayar?" Mutum ya ce, "Na bayar," ya faɗi ɗan da zai shiga jirgi. Ko ya ce, "Ban bayar ba," a wuce shi, ba mai tambayarsa dalili, ba mai yi masa gori a kasuwa. Kuma wanda ya bayar, in hankalinsa ya tashi daga baya, ko uwar yaron ta kasa cin abinci, yana da iko ya je mashigi ya ce, "Na janye." Dole mai fito ya tura jirgi ya ɗauko masa ɗansa, ko aiki bai ƙare ba. Dalilin abin ɗaya ne. In aka kawo gawa, uban ya san da bakinsa ya bayar, ba zai riƙe kowa a zuci ba.

Haka na taso na gani. Baba ya ba da ni, ya kuma taɓa janye ni, ina tsakiyar ɗaukar wata tsohuwa a kafaɗa.

Wajen lokacin da aka ba mu jiha aka kwashi su Auta zuwa Laberiya. Ban san inda take ba. Wani direban tirela ya ce mini tana gaba da Legas, sai an bi ta teku. Ya dawo a rame, maganarsa ta ragu, in ƙofa ta bugu da ƙarfi sai ya miƙe tsaye. Muka yi masa aure, ya zauna da matarsa a bariki a Birnin Kebbi, suka haifi biyu. Muka ce an wuce wurin. Sai wata rana da hantsi ga a-kori-kura a ƙofar gida, da katifa a ɗaure a sama, da matar Auta da yaran a gaba. An tura su Saliyo, ya ce ta dawo gida ta jira shi.

Inna tana zaune a tabarma tana sussukar gero da hannu, don ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Ta bari aka shigar da kaya, sannan ta ce, "Kai wanga. Wa yab ba da shi?"

Na ce, "Inna, soja na. Gwamnati tat tura su."

"Na ji. Wa anka tambaya?"

"Ba kowa."

Ta karkaɗe zanenta ta ce, "Ashe sace shi anka yi."

Ban yi mamakin rashin tambayar ba a lokacin. Masu kaki ke mulki, mai kaki kuwa ba ya tambaya, ko keken da kake kai yake so sai dai ya ce sauka. Muka zauna da rediyo. Ni da ban san sunan unguwannin Birnin Kebbi duka ba, sai ga ni na san sunayen garuruwan Saliyo. In aka ce an yi faɗa a gari kaza, matar Auta ta ajiye muciya ta shiga ɗaki. Saƙonsa yakan zo ta bakin wani, can ba a rasa ba: yana lafiya, a gaida Inna, a sa babban yaron makaranta.

Daga nan aka ce soja za su sauka, za a yi siyasa. Motoci masu lasifika suka fara shigowa ƙauye. Cikin masu zuwa akwai wani malamin firamare na Argungu, wanda ubansa ya daɗe yana sayen shinkafa a hannun Baba. Yaro ne mai kunya, na san shi tun yana bin ubansa da mudu. Ya tsaya a gindin tsamiyar nan tamu ya ce, "Wanga abu da aka ce ma dimokuraɗiyya ba baƙo na ba gare ku. Zaman da kukan yi nan in ruwa ya zo, shi na. Ba a yin komi sai an bi gida-gida an tambaya."

Na ɗaga hannu na ce, "Malam, har yaƙi?"

Ya ce, "Har yaƙi, Yaya. Shi na ma kan gaba. Ba mai sake ɗaukar ɗiyan mutane shi kai wata ƙasa sai wakilanku sun yarda."

Ba na cewa ƙarya ya yi. Ni ne na ji abin da nake son ji. Na koma gida na gaya wa Inna an kawo mulkin da ake tambaya. Ta ce, "In ana tambaya, ana janyewa ke nan." Na ce haka nake gani.

Zaɓen ba ɗaya ba ne. Wannan makon a ce na ciyaman ne, a jima a ce na gwamna da 'yan majalisa, a jima a ce na wasu 'yan majalisar kuma. Ban rarrabe su ba, a wurina majalisa majalisa ce. Jikin Inna ba zai ɗauki fita fiye da sau ɗaya ba, don haka na zaɓar mata ranar malamin nan, tunda shi ya yi maganar da bakinsa. Na naɗa zane a bayan keke na ɗora ta, ina turawa a ƙasa, matar Auta na riƙe da ita ta gefe. Da muka isa firamare aka ba ta takarda, ta juya ta sama da ƙasa, ta ce wa yaron da ke kan tebur, "Ɗana, ina wurin ban bayar ba?" Yaron ya dube ni. Na nuna mata alamar malam na ce nan ne. Ta dangwala da ƙarfi har takardar ta kusa hujewa. Kwana da kwanaki ba ta bari sabulu ya taɓa yatsan nan ba. Sauran zaɓukan, wani na je, wani ya same ni a wurin ban ruwan albasa.

Malam ya ci. Soja suka sauka, damina ta faɗi. Ni kuwa sai na shiga jiran a kira mu. Kullum bayan la'asar ina gindin tsamiya da wankakkiyar riga, ko za a aiko daga Birnin Kebbi a ce masu 'ya'ya a Saliyo su taru. Da farko mutane ba su gane ba. Da suka gane, in na iso sai wani ya ce, "Ga sanatan Saliyo nan, a ba shi tabarma." Ina dariya tare da su. Inna ce ba ta dariya. In na shiga gida ta ce, "An kira?" In ce tukuna.

Da aka gama noman farko na shiga mota zuwa Birnin Kebbi, na hau kabu-kabu daga tasha zuwa Gwadangaji, inda malam ya kama gida. Yanzu Onarabul ake ce masa. Na tarar da mutane cike da ƙofar gidan, wasu a benci, wasu a kan takalmansu. Na zauna kusa da wani dattijo mai jar hula, mutumin Zauro. Ya ce, "Kai mi kaka nema?"

Na ce, "Soja niz zo janyewa daga Saliyo."

"Guda ko duka?"

"Guda."

Ya ce, "Ka yi sauƙin kai. Ni taki nika nema, ka ga tawa ta hi taka wuya." Ya juya ya gaya wa na kusa da shi, wannan ya gaya wa na gaba, kafin azahar duk wanda ya fito daga ciki sai ya sara mini.

Da layi ya zo kaina Onarabul ya tashi ya kama hannuna da hannu biyu. Ya tambayi Inna, ya tambayi ruwa. Na ce masa ba taki na zo nema ba, ba aiki ba. Na ce Inna ta dangwala ban bayar ba, ni ma na dangwala, mun jira a kira mu ba a kira ba, shi ya sa na zo da ƙafata in ce na janye. A tura a ɗauko shi.

Ya ture hularsa da ke kan tebur gefe. Sannan ya sallami yaransa, ya jawo kujera kusa da ni.

Ya ce, "Yaya, majalisa biyu ta. Tamu ta nan rijiya ta, da taki, da hanyar ƙauye. Ko ɗan sandan da ke ƙofar ga ba ni da iko da shi. Soja na Abuja na."

Na ce, "Amma kai kac ce har yaƙi."

"Na ce, kuma yana cikin doka. Shugaban ƙasa ba shi tura soja faɗa wata ƙasa sai sanatoci sun yarda."

Na ce, "To sun yarda?"

"Ba a tambaye su ba. Su Auta an tura su tun ba a yi dokar ba. Can anka iske su."

"To a tambaye su yanzu."

"Dokar ta turawa ce, Yaya. Ba ta ce komi kan waɗanda ke can ba. Dawo da su na shugaban ƙasa na da manyan soja, da abin da sunka shirya da wasu ƙasashe."

Na ce ya nuna mini wanda ake tambaya a madadina, in je in same shi. Ya ce sanata ne, mutum guda, shi ke magana da bakin garuruwa masu yawa, daga nan har inda ban taɓa zuwa ba. Ya faɗi ranar da aka zaɓe shi. Na lissafa a raina, ranar ina cikin albasa, Inna tana kan tabarma. Na faɗa masa haka. Ya ce kada in sa wannan a rai, ko mun je duk gidanmu ba abin da zai sake.

Na ce, "Shi sanatan, yana da ɗa can?"

Ya jawo hularsa ya shiga gyara mata kari.

Na ce, "Ya san Auta?"

Ya ce, "Yaya, mutane sun yi yawa. Ƙasa ba ta zama gindin tsamiya."

Na ce, "Kai kac ce tana zama."

Ya sunkuyar da kai kamar lokacin da yake bin ubansa da mudu. Ya ce zai yi magana. Na san ba shi da wurin da zai kai ta, shi ma ya san na sani. Ya rako ni har ƙofa. Mai jar hula yana nan bai samu shiga ba, ya ce, "Yaushe jirgin ka sauka?" Na ce sai an ba shi takinsa.

Na gaya wa Inna yadda muka yi, ban rage komai ba. Ta ce, "Wanda ba shi da ɗa cikin jirgi shi aka tambaya?" Na ce shi ma ba a tambaye shi ba. Ta ce, "To mi munka dangwala?" Na fita na duba awaki.

Sanatan na gan shi sau ɗaya, da ya zo Argungu gaisuwar salla. Na kutsa cikin mutane har hannuna ya kai nasa. Na ce, "Ranka shi daɗe, an tambaye ka kan Saliyo?" Ya ce, "Allah shi yi albarka," ya miƙa wa na bayana hannu. Ban ga laifinsa ba, ƙarar ganga ta yi yawa.

Wajen kaka rediyo ta ce za a dawo da sojojin kashi-kashi. Matar Auta ta yi kitso, ta sa lalle, ta wanke labulen ɗakinta. Lallen ya goge, ta sake sawa. Kashi na farko ya zo ba shi, na biyu ma haka. Rani ya wuce. Saƙon da yakan zo ta bakin mutane ya ɗauke. Ta daina sa lallen, ba wanda ya yi mata maganarsa.

Da damina ta sake faɗuwa, har ta yi nisa, na ji an sauke wasu a bariki, na je. Ba a barin farar hula ya wuce ƙofa, sai na zauna wurin mai shayin da ke tsallaken titi, duk sojan da ya zo in faɗa masa sunan ƙanena. A ƙarshe wani kofur mutumin Zuru, siriri, da yatsu biyu a naɗe da bandeji, ya ajiye kofinsa ya ce, "Kai ne yayansa mai shinkafa?" Na ce ni ne. Ya ce sun kwana rami ɗaya.

Ya ce lokacin da aka ce za a dawo da su, an raba su biyu. Wasu suka hau jirgi, wasu aka karɓi hulunansu aka ba su shuɗaye, aka ce yanzu su sojan duniya ne, ba na ƙasa ɗaya ba. Ramin dai shi ne, bindigar ita ce. Na ce wa aka tambaya kafin a canja hular. Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Ya ce su dai an busa usur an karanta sunaye.

Sannan ya ce wata rana an tura motocinsu wata hanya cikin daji, aka tare su. An kama wasu, daga baya aka sako su. An binne wasu. Auta ba ya cikin waɗanda aka sako, ba ya cikin waɗanda aka binne. Ya ce shi bai ga gawa ba, ba zai ce mini ya mutu ba. Ya ce Auta yakan ba su labarin kifin Argungu har su ce ya yi shiru yunwa yake ƙara musu.

Na dawo gida la'asar sakaliya, na tarar ana taruwa a gindin tsamiya. Ruwa ya ci garin da ke ƙetare, sun aiko. Ban shiga gida ba, na zauna a inda Baba yake zama. Mai gari ya fara bin mutane. Na bayar. Na bayar. Ban bayar ba. Na bayar. Ina jin su, ina kallon yadda kowa ke ɗan yin shiru kafin ya buɗe baki, mai gari kuma yana jiransa, ba ya gaggauta kowa. Da ya zo kaina ya ce, "Ka bayar?" Babban ɗana yana tsaye can baya, ya riga ya naɗe ƙafar wando. Gidanmu ba mu taɓa hanawa ba tun kakana.

Na ce, "Ban bayar ba. Ni za ni."

Mai gari ya dubi furfurata, ya buɗe baki, ya tuna ba a tambayar dalili, ya wuce na gaba.

Na shiga gida na gaya wa matan abin da kofur ya ce. Matar Auta ta ce, "Yaya, in shiga takaba ko kar in shiga?" Na ce ban sani ba, sai an tambayi malamai. Ta ɗauki ƙaramin yaron ta shiga ɗaki. Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kai wanga, kai na babba. Ubanku ba shi nan. Tunda ba wanda yab ba da shi, ba wanda ka janye shi sai kai. Ka tahi mashigi ka hwaɗi."

Na ce, "Inna, jirgin mai fito ba shi kai Saliyo."

Ta ce, "Ban ce shi kai ba. Na ce ka hwaɗi."

Inna ba ta ga wata daminar ba. Auta bai dawo ba, gawarsa ma ba ta dawo ba, yaransa ni na aurar da su. An yi zaɓe bayan wannan, an sake yi, ina zuwa in dangwala don kada a ce gidanmu ba a fito ba. An tura wasu 'ya'yan mutane wasu ƙasashen, na ji a rediyo, wataƙila an tambayi sanatoci, ban sani ba. Amma duk wannan daga baya ne.

Washegari bayan sallar asuba na ɗauki gora da igiya na gangara mashigi. Ruwan ya yi ja, yana tafe da ciyayi da karan rumbun mutane. Samari sun fara shiga jirage. Mai fito, wani basarke masunci, sa'ana da muka yi wasan ruwa tare, yana kwarfe ruwa daga jirginsa da ƙwarya. Na tsaya a inda Baba ya tsaya ranar da ya janye ni, na fuskanci gulbi, na ce, "Na janye."

Mai fito ya ɗago ya ce, "Wa za a ɗauko? Ai ba ka ba da kowa ba."

Na ce, "Auta."

Ya dube ni, ya dubi gulbi. Sannan ya zubar da ruwan, ya matsa mini wuri. Na naɗe wando na shiga, na kafa gora a laka, muka tura zuwa ƙetare.